Ɗingishin Umma

Jiya da la'asar hadari ya taso daga gabas, gari ya yi duhu har na kunna fitila. Ina cikin aiki sai kwamfuta ta fito min da saƙonta na kullum, wai akwai sababbin abubuwa, in yarda ta sabunta kanta. Na danna mata a'a kamar yadda na saba. 'Yata da ke zaune a gefe ta ce, "Mama, ke dai akwai taurin kai. Tun yaushe take roƙonki?" Na ce ta ci gaba da roƙo. Ban yi mata bayani ba, don ruwa ya riga ya sauko, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, hankalina kuma ya tafi wani azumi da muka yi a tsakiyar damina a gidanmu na Nassarawa.

Yaran yanzu azumin zafi suka sani, na ƙishirwa da kwanciya a kan siminti. Wancan na ruwa ne. Lokacin shari'a ta zauna a Kano, mata mun daina hawa acaɓa mun koma adaidaita sahu, katangun unguwarmu kuwa duk fastocin 'yan siyasa ne, ruwa yana ɓare su yana barin rabin fuska. Gidanmu irin tsofaffin gidajen Turawan nan ne, mai doguwar baranda da rufin kwano, ga itatuwan mangwaro da maina sun rufe shi har rana ba ta cika shigowa ba. Jemagu ne suka fi mu yawa. Ummata ta rasu 'yan watanni kafin azumin, yayyena maza duk suna aiki a wasu garuruwan, ya rage daga ni sai Baba a cikin ɗakuna masu yawa, sai Rahila da ke haya a ɗakunan baya. Rahila Kirista ce 'yar Zariya, tana koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi, kuma ita ce ƙawar da ta riƙe ni a shekarar.

Damuwata ɗaya ce, Baba ba ya cin abinci. Likita ya ce kada ya yi azumi, ya ce ya ji, washegari ya ɗauka. Da an kira magariba sai ya ci dabino ɗaya, ya sha ruwa, ya kurɓi kunu sau biyu ya ture kofin. Sahur ma ruwa ne. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka, na kira yayyena suka yi ta magana a waya, shi dai amsarsa ɗaya ce: "Na ƙoshi, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Babbar rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa, ni kuma kullum tsoro nake ji in buɗe ƙofarsa da safe.

Na gama jami'a ina jiran bautar ƙasa, Rahila tana dogon hutu, sai muka kama haɗa wasan kwamfuta don rage zaman shiru. Ba na sayarwa ba ne, ba kuma wanda ya sa mu. Gidanmu muka zana, ɗaki ɗaki, mai wasa yana ta gudu yana tattara kayan buɗa-baki daga sito zuwa baranda kafin rana ta faɗi. Injin da ake gina wasan a kai kyauta ne, amma shi kaɗai ba ya iya komai sai shimfiɗa fili. In kina son mutum ya yi tafiya, sai kin sauko da wani guntun aiki da wani bawan Allah ya rubuta a wata ƙasa, ki liƙa. In kina son ƙafa ta san inda daɓe yake, wani guntun daban. Ruwan sama da sauti, kowanne da nasa. Masu harkar suna ce musu fulogin. Mu 'yan haya muke ce musu, don ba wanda yake zuwa shi kaɗai. Ki kawo ɗaya, ya ce ba zai zauna ba sai da ƙanensa, ƙanen ya ce shi sai da tsohon bugu na wane zai yi shiri, sabon bugu ba sa ga maciji. Rahila takan ce, "Ku gode wa Allah da ni, da akwati ɗaya na zo."

Intanet ɗin gida ba ta iya ɗaukar komai, saboda haka a wani kafen intanet na Giginyu muke sauko da su, mu zuba a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, mu kawo. Wuta kuwa da hantsi take zuwa in ta ga dama. Da mun ji firij ya yi gurnani sai mu ruga ɗakin karatun Baba, inda kwamfutar take, mu yi ta aiki har ta ɗauke. Daga nan sai kicin. A jiƙa wake, a surfa, in ɗauki roba in tafi Giginyu niƙa, don duk faɗin unguwarmu ba injin niƙa ko ɗaya, sai motoci da masu gadi. Kananzir ya yi wuya a shekarar, gawayi kuma kullum a jiƙe. Rahila ce mai fifita wuta, idonta yana ta hawaye, ni ina tace tsamiya. Ba ta azumi, amma ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gabanmu ba. Sai ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa, ta fito tana goge baki kamar ɓarauniya, ni kuma ina tsokanarta.

Yunwar damina daban ce. Ba ƙishi sosai, sai wani sanyi da ke shiga ciki ya zauna, ga ƙamshin masarar da masu gadi ke gasawa a bakin titi yana bin iska. Kwanon gidan ya tsufa. Da hadari ya haɗu sai mu jera bokitai da tukwane a dogon lungun da ya ratsa tsakiyar gidan, ruwa yana ɗiga a ciki, kowanne da irin ƙararsa. Tun azahar gidan kan yi duhu.

A goman marmari ne muka ga gidan cikin wasan ya yi fayau da yawa, muka ce bari mu sa wata mata tana kai da kawo, daga ɗaki zuwa kicin, don ado kawai. Ba mu yi mata fuska ba. Malamai a rediyo kullum suna magana a kan yin surar mutum, ni kuma ba na son abin da zai taɓa min azumi, sai muka bar wurin fuskar sumul. Da za a yi mata zane, Rahila ta fita ta ɗauki hoton wata atamfa da ke shanye a baranda. Sai da ta liƙa mata na lura ta Umma ce, cikin waɗanda aka ba ni.

Muka kunna. Matar ta fito daga ɗaki ta kama lungu. Ɗingishi take yi. Ƙafar hagu tana ɗan makara, ƙugu ya karkata, sannan ta jawo ta. Tun da na buɗe ido da wannan tafiyar na san Umma. Da ta iso ƙofar kicin sai ta tsaya cak, ta ɗan jima, sannan ta shiga. A nan Umma take tsayawa kullum ta dafa ƙyaure ta huta.

"Rahila, ke kika sa mata wannan?"

"Na rantse ban sa ba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Tsaya in duba."

Ta yi ta bincike har wuta ta kusa ɗaukewa. Ashe ɗan haya mai tafiya da ɗan haya mai daɓe ne ba su jitu ba, bugunsu ya ɗan bambanta, sai ƙafa ɗaya ba ta samun ƙasa a kan lokaci. Tsayuwar bakin kicin kuwa, a nan ne daɓen lungu ya haɗu da na kicin, sai lissafin ya ɗan sarƙe kafin ya warware. Bayani ne mai ma'ana, na kuma fahimce shi sarai, amma bai hana ni jin sanyi a baya ba. Rahila ta ce gyaran ba wuya, a sabunta su biyun kawai. Ta kai hannu, na riƙe shi. Ranar ta ƙi komawa ɗakinta sai da ruwa ya ɗauke.

Washegari bayan la'asar muna kallonta sai muka ji numfashi a bayanmu. Baba ne, ya zo ɗaukar littafi. Ya tsaya riƙe da kujera, idonsa a kan allo, har matar ta yi tsayuwarta a bakin kicin ta shiga.

"Ku sake," ya ce.

Muka sake. Ya zauna. Na fara kame-kame ina cewa kuskure ne, za mu gyara, ya ɗaga min hannu.

"Na san allo ne, Uwata, ban haukace ba. Amma kada ku taɓa."

Da aka sha ruwa ranar ya cinye ƙosai uku, ya shanye kunu, ya ce ko akwai sauran miya. Na shiga kicin na yi kukana a gaban murhu. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Bayan la'asar in ba wuta sai in tayar da janareto da ɗan man da muke tattali, Baba ya zo ya zauna, ta fito, ta bi lungu, ta tsaya, ta shiga. Sai ya ce, "To, ta shiga," ya tashi ya tafi alwala, da magariba kuma ya ci abinci kamar mutum. Ni ba na son kallon. Ruwa yana ɗiga a bokitai a lungun gaske, ita tana tafiya a lungun allo ba fuska, tsoho yana binta da ido. Na sha tambayar kaina ko daidai muke yi. Amma kumatunsa sun fara dawowa, saboda haka muka ɗaure wa kanmu cewa ko allura ba za a motsa a cikin wasan nan ba, duk wani saƙon sabuntawa a kore shi.

A goman wuya tsawa ta sauka. Da rana ne tsaka, akwai wuta, muna kicin. Wani haske ya cika gidan, ƙara ta biyo baya har kwanuka suka amsa, jemagu suka tashi gaba ɗaya suna kuka. Kafin mu isa ɗakin karatu warin ƙonanniyar roba ya tarye mu. Mai gyara ya buɗe kwamfutar, ya girgiza kai, ya ce rumbun ajiyarta ya tafi.

Ban firgita sosai ba da farko, don muna da kwafi a filas. Gidan yana nan, ɗakuna, atamfa, duk abin da muka yi da hannunmu. 'Yan hayar ne babu. Filas ɗin ƙarami ne, kuma wa zai cika shi da abin da yake zube kyauta a intanet? Haka kowa yake yi a lokacin. Rahila ta aro kwamfutar hannu daga makarantarsu, muka je kafe muka sauko da su duka, har da injin. Sai dai kowanne ya yi sabon bugu, tsohon an cire. Muka haɗa, komai ya zauna lafiya lau, ba gardama ko ɗaya. Matar ta fito ta miƙe lungu sambal, ta shige kicin ko waiwaye babu. Na rufe kwamfutar da sauri. Na gaya wa Baba har yanzu ana gyara.

Ya koma dabino ɗaya. Bayan la'asar yakan zo ya leƙa ɗakin karatu, ya ga teburi wayam, ya juya. Bai taɓa tambaya ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Rahila ta ce tunda mun san yadda tafiyar take, mu rubuta ta da kanmu. Sai ta ce in yi mata a gani don ta auna. Na ɗaura zane, na tsaya a farkon lungu tsakanin bokitai, na fara tafiya irin ta Umma, ina jan ƙafar hagu a kan siminti. Na je na dawo, na sake. Ina cikin yi sai murya ta fito daga ɗakin Baba, a hankali, irin yadda yake kira in yana son shayi.

"Hajiya?"

Na daskare a wurin. Rahila ta toshe bakinta. Ba wanda ya amsa, shi ma bai sake kira ba, sai ɗigar ruwa kawai. Har yau in na tuna sai in ji kunya da tsoro sun haɗu min wuri ɗaya.

Duk da haka muka gama. A idona ya yi daidai, har tsayuwar bakin kicin mun sa. Na kira Baba ina murna. Ya zauna, ya kalla sau ɗaya, fuskarsa ta canza.

"Wace ce wannan?"

"Baba, ita ce, an gyara."

"Wannan kwaikwayo take yi," ya ce. "Ku cire mata zanen Hajiya."

Ranar ko kunun bai taɓa ba. Sallar isha'i a zaune ya yi ta.

Ba mu da sauran dabara sai neman tsofaffin 'yan hayar. Muka koma kafen Giginyu ko sun rage a kwamfutar da muka sauke su. Mai kafen ya ce an wanke kwamfutocinsa kaf saboda cuta ta shige su, amma akwai guda da ya ba ƙanensa mai shagon buga takardu a Kawaji tun kafin wankin. Muka tari adaidaita. Ruwa ya cika hanya, motocin wani ɗan siyasa suka wuce da jiniya suka watsa mana taɓo har wuya. Na faɗi maganar da ba ta dace da mai azumi ba, Rahila ta ce ita ba ta ji komai ba. Wajen Dakata mai adaidaita ya ce ba zai shiga ba, muka tattare zane muka taka. Kaina yana juyawa don yunwa, silifas ɗina ɗaya ya tsinke.

Muka sami kwamfutar a ƙarƙashin tebur, kaza ta yi ƙwai a bayanta. Aka kunna ta da kyar. Suna nan, mai tafiya da mai daɓe, tsohon bugu, kamar suna jiranmu. Rahila ta rungume ni a gaban mutane, duk jikinmu taɓo.

A gida muka liƙa su. Mai tafiya ya ce shi ba zai tashi ba sai da wani ɗan ƙaramin guntu mai ƙidaya lokaci, wanda ba mu ma san da shi ba, don a da cikin tsohon injin yake zuwa a ɓoye. Muka nemi shafin wanda ya rubuta shi, shafin babu, ko suna bai bari ba. Muka ba shi sabon bugu, ya karɓa ba musu, matar ta sake miƙewa sambal. Ashe ɗingishin ba na mutum biyu ba ne, na uku ne, mutanen da ba su san juna ba, ba su san Kano ba, balle Umma. Rahila ta gwada duk abin da ta sani, ta rage wannan ta ƙara wancan, har goman ƙarshe ya yi nisa. Mutane suna ta kai ɗinki, ni ina kallon wuyan hannun Baba yana ƙanƙancewa. Na fara shirin kiran yayyena su zo a kai shi asibiti ko da ƙarfi.

Wata la'asar Rahila tana kan gwajinta sai aka kece da ruwa mai iska, wani sabon wuri ya ɓalle a silin ɗin sito, daidai kan buhun gero. Muka ruga mu biyu muka bar kwamfutar a kunne. Mun daɗe muna ja da turawa. Da muka dawo, a jiƙe, sai muka tarar da Baba zaune a kujerarsa a cikin duhun ɗakin, hasken allo a fuskarsa. Matar tana ta fitowa, ta miƙe lungu da sauri, zane yana kaɗawa, ta shige kicin, wasan ya sake maido ta. Na yunƙura zan rufe, ya kama hannuna. Tafinsa sanyi ƙalau.

Can ya ce, "Ta warke."

"Baba, ba mu gama ba ne, akwai abin da..."

"Ke ba ki san ta haka ba," ya ce, bai dube ni ba. "A haihuwarki ta samu ciwon ƙafar. Kafin nan haka take tafiya, kamar ana binta. In za mu unguwa sai ta bar ni a baya, in yi ta cewa ki jira ni mana." Ya ɗan yi murmushi. "Daga baya ni na koma jiranta."

Na tsaya ina kallon tafiyar uwata da ban taɓa gani ba, a jikin wata aba marar fuska, ruwa yana zuba daga mayafina. Ya ce a kashe, ya isa haka, kada a ƙara kunnawa. Rahila ta kashe.

Da aka kira magariba muka shimfiɗa tabarma a baranda, ruwa yana zuba daga bakin kwano. Baba ya ci dabino, ya sha kunu har ƙasan kofi, ya jawo farantin ƙosai gabansa ya yi ta ci kamar wanda ya dawo daga gona. Ya ce Rahila ta matso ta sa hannu, ta matso. Ni farin ciki ya hana ni cin nawa. Ya miƙo min kofin.

"Ƙaro min, Uwata. Kin ga saurin da take yi yanzu. In ban yi ƙarfi ba, ba zan cim mata ba."

Rahila ta dube ni, na dube ta. Abin da na yi wata guda ina roƙon Allah ke nan, ya ci ya nemi ƙari. Na ɗauki ludayi na zuba masa har kofin ya cika, kunun ya zube a kan tabarma.